Gaisuwa Da Roƙon Iri

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya gaisuwa ta zama mabuɗin soyayya a tsakanin bayinSa, Ya kuma hore wa ɗan Adam hankalin da zai rarrabe zuma da maɗaci. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, maganarmu ta wannan mako a kan wani abu ne wanda ido zai raina, alhali kuwa ya raba mutane da dukiyarsu, ya tona asirin wasu, ya kuma shiga tsakanin aminai. Wannan abu kuwa shi ne katin gaisuwa da ake aikowa ta imel ko ta wayar hannu, musamman idan Salla ta ƙarato, ko azumi ya kama, ko sabuwar shekara ta shigo. Daga cikin irin waɗannan katuna akwai na gaskiya, wanda masoyi ya aiko wa masoyinsa domin sada zumunci, akwai kuma na jabu, wanda ɗan damfara ya ɗana kamar tarko. Dukkansu biyu riga ɗaya suke sawa. To, yaya Musulmi zai rarrabe su, kuma me addini ya ɗora masa a kan haka?

MATSAYIN GAISUWA

Ba shakka gaisuwa tana da babban matsayi a Musulunci. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 86, Allah Ya umarce mu idan an gaishe mu mu mayar da wadda ta fi, ko kuwa mu mayar da irinta. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya nuna wa sahabbansa yaɗa sallama ita ce hanyar da za su so junansu. An kuma ruwaito cewa sahabbai idan sun haɗu ranar Idi sukan yi wa juna addu'ar Allah Ya karɓi ibada, kuma Ibnu Hajar ya ce isnadin wannan ruwaya mai kyau ne. Imamu Nawawi kuwa, a cikin littafinsa Al-Azkar, ya kawo maganar malamai cewa sallamar da ta zo wa mutum a rubuce cikin wasiƙa ita ma a amsa ta.

Saboda haka aika katin gaisuwa ba laifi ba ne muddin abin da ke cikinsa bai saɓa wa shari'a ba, domin wasiƙa ce, abin da ya sake kawai shi ne ɗan aiken. Da can mai doki ne, daga baya gidan waya, yanzu kuma intanet.

Amma fa a nan ne ɗan damfara ya sami ƙofa. Ya san mutumin kirki ba ya son a gaishe shi ya yi shiru. Ya san zuciya tana ɗokin ta ji wane ne ya tuna da ita. Idan da zai aiko da takardar neman kuɗi, da kowa ya ja da baya, shi ya sa ya zo da gaisuwa. Hausawa kan ce gaisuwa da roƙon iri, to wannan nasa ya wuce roƙon iri, rumbun yake so ya kwashe gaba ɗaya.

YADDA ABIN YA FARO

Kada mai karatu ya zaci wannan sabon abu ne. A watan Disamba na shekarar 1987 wani ɗalibi a Jamus ya rubuta wata 'yar manhaja wadda idan an buɗe ta sai ta zana bishiyar Kirsimeti tare da gaisuwa. Tana cikin nuna zanen ne take bin sunayen duk waɗanda mai kwamfutar ke musayar wasiƙu da su, tana aika musu da kanta, har sai da ta cushe hanyoyin sadarwar jami'o'i da na kamfanin IBM. Katin gaisuwa na gaskiya a shafin intanet kuwa sai a shekarar 1994 aka fara shi, a hannun wata mai bincike, Judith Donath, a jami'ar MIT ta Amurka. Ka ga ke nan ɓarawo ya riga mai kaya zuwa kasuwa.

A watan Mayu na shekarar 2000 wata wasiƙa ta fito daga birnin Manila na ƙasar Filifin, kanta yana cewa "ina ƙaunarka", an maƙala mata wani fayil da aka ce wasiƙar soyayya ce. Duk wanda ya buɗe, sai ta lalata masa hotuna da wasu fayiloli, sa'an nan ta aika da kanta ga duk sunayen da ke cikin littafin adireshinsa. Cikin 'yan kwanaki ta kama miliyoyin kwamfutoci a duniya, har manyan ofisoshin gwamnati a Ingila da Amurka suka rufe imel ɗinsu na ɗan lokaci. Abin lura a nan shi ne, kowane mutum daga wajen wanda ya sani ta zo masa, shi ya sa bai yi shakka ba.

A shekarar 2007 kuma aka yi annobar da ake kira Storm. Masu ita sun yi ta watsa wasiƙu suna cewa wai wani ɗan'uwanka, ko maƙwabcinka, ko abokin karatunka, har ma da wani mai ibada, ya aiko maka da kati, ka latsa nan ka gani. Ba su ambaton sunan kowa. Wanda ya latsa, sai kwamfutarsa ta zama baiwar wani mutum da bai taɓa gani ba, a riƙa amfani da ita ana watsa wa wasu irin wannan shara, shi kuwa mai ita bai sani ba. Har wa yau, a watan Disamba na 2010, an aika wa wasu ma'aikatan gwamnatin Amurka katin Kirsimeti da sunan wai daga fadar shugaban ƙasarsu yake, waɗanda suka buɗe aka kwashe musu takardun aiki.

Idan masu ilmin na'ura da manyan ma'aikata sun faɗa, ina ga ni da kai? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A ƙasarmu yanzu abin ya fi zuwa ta WhatsApp da Facebook da saƙon waya: wane ya aiko maka da barka da Salla, latsa ka gani, ko kuwa kamfanin kaza yana raba goron Salla, shigar da lambarka ka karɓa.

UMARNIN BINCIKE

Maganin wannan cuta yana cikin Littafin Allah tun kafin a san za a yi kwamfuta. A cikin Suratul Hujurati, aya ta 6, Allah Ya umarci muminai idan fasiƙi ya zo musu da labari su tsaya su bincika, domin kada su cuci wasu mutane cikin rashin sani, su wayi gari suna nadama. Malaman tafsiri da yawa sun ambata cewa ayar ta sauka ne a kan wani mai karɓar zakka da aka aika zuwa ga Banu Musɗaliƙ. Da ya hango sun fito taryarsa sai tsoro ya kama shi, ya juya, ya kawo labarin cewa sun hana zakka. Da aka bincika sai aka tarar mutanen suna nan a kan Musuluncinsu. Malamai sun fahimta daga wannan aya cewa wanda ba a san halinsa ba, shi ma ba a aiki da labarinsa sai an bincika. Wasiƙar da ba ka san wanda ya aiko ta ba kuwa, ai ita ce majahuli tsantsa.

Dubi kuma ƙissar Annabi Sulaimanu (A.S.) a cikin Suratun Namli. Alhudahuda ya zo masa da labarin Saba'u, tsuntsu ne daga cikin rundunarsa, amma bai yi aiki da labarin ba sai da ya ce zai duba ko gaskiya ya faɗa. Da wasiƙarsa ta isa hannun sarauniya, abin da ta fara shaida wa fadawanta shi ne daga wurin wa wasiƙar ta fito, sa'an nan ta nemi shawararsu kafin ta yanke hukunci. Wasiƙar gaskiya da sunan mai ita take farawa.

Haka nan Buhari ya ruwaito cewa lokacin da Annabi (S.A.W.) ya yi nufin rubuta wa Rumawa wasiƙa, aka shaida masa ba su karanta wasiƙar da ba ta da hatimi. Bai ce sun raina shi ba. Sai ya sa aka ƙera masa zobe na azurfa, aka zana sunansa a jiki, ya riƙa buga wa wasiƙunsa. Ashe haƙƙin wanda aka aika wa ne ya nemi shaida, kuma ladabin mai aikawa ne ya ba da ita.

Sai dai hatimin ma ana iya kwaikwayonsa. Malaman tarihi sun ruwaito cewa a shekara ta 35 bayan Hijira, mutanen Masar da suka zo Madina da ƙorafi suna kan hanyar komawa sai suka kama wani mahayi da wasiƙa mai ɗauke da hatimin Halifa Usmanu (R.A.), ana umartar gwamnan Masar ya hukunta shugabanninsu. Suka juyo a fusace. Sayyidina Usmanu ya rantse bai rubuta ba, bai kuma sa an rubuta ba, ya tunatar da su cewa ana iya kwaikwayon rubutu, ana iya sassaƙa hatimi irin hatimi. Ba su saurara ba, suka kewaye gidansa, har aka kashe shi. Wasiƙa guda ta jabu tana cikin abubuwan da suka buɗe wa al'umma ƙofar fitinar da har yau ba ta rufu ba.

ALAMOMIN DA ZA A DUBA

To, ga abin da ya kamata mai karatu ya duba kafin yatsansa ya taɓa komai.

Na ɗaya, sunan mai aikowa. Katin gaskiya yakan ambaci cikakken sunan wanda ya aiko, sau da yawa har da adireshinsa na imel, ya kuma ambaci naka sunan. Wanda ya ce maka "wani masoyinka" ko "wani ɗan'uwa", to maƙaryaci ne ya rufe fuska. Idan kuma sunan da aka ambata ba ka san shi ba, babu abin da ya hau kanka, share shi.

Na biyu, adireshin da wasiƙar ta fito. Sunan da ke bayyana a sama kowa yana iya rubuta wanda ya ga dama. Taɓa sunan domin cikakken adireshin ya fito, ka karanta abin da ya biyo bayan alamar @ harafi bayan harafi. 'Yan damfara sukan musanya harafi ɗaya, ko su sa sifiri a gurbin harafin "o", ko su ƙara wata kalma a jikin sunan kamfanin.

Na uku, linki, watau layin rubutun nan da ake latsawa ya kai mutum wani shafi. Abin da aka rubuta a fili daban, inda zai kai ka daban. A kwamfuta, ɗora kibiya a kansa ba tare da ka latsa ba, ainihin adireshin zai bayyana a ƙasa. A waya kuwa, danne shi ka riƙe har ya nuna maka. Idan ka ga jerin lambobi zalla, ko wani suna da bai yi kama da na kamfanin ba, ko adireshin da aka gajarta domin a ɓoye inda ya nufa, to ka janye hannunka. Kada kuma hoton ɗan kwado da ke gefen adireshi ya ruɗe ka, domin shafukan ɓarayi ma suna da shi. Kamfanonin katin gaskiya da yawa sukan ba da lambar karɓa, sai ka rubuta adireshin kamfanin da hannunka, ka shigar da lambar a can.

Na huɗu, abin da aka maƙala. Katin gaskiya kallonsa kawai ake yi. Ba ya bukatar ka sauke wani fayil ko ka girka wata manhaja. Fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .exe ko .scr ko .vbs ko .zip, ko .apk a waya, ba kati ba ne, kura ce da fatar akuya.

Na biyar, abin da ake nema a wurinka. Wanda ya zo gaishe ka ba ya tambayarka mabuɗin ɗakinka. Duk katin da ya ce sai ka shigar da kalmar sirrin imel ɗinka, ko lambar katin banki, ko BVN, ko lambobin nan shida da WhatsApp ke aikowa, to ka san da wa kake magana. Lambobin nan shida da su ake ƙwace wa mutum WhatsApp ɗinsa, a koma ana roƙon 'yan'uwansa kuɗi da sunansa.

Na shida, gaggawa da kwaɗaitarwa. Za a ce katin zai ɓace cikin awa kaza, ko a ce akwai kyauta amma sai ka tura wa mutum ashirin. Nufinsu kada ka sami sararin tunani. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa.

A da ana gane irin waɗannan wasiƙu da kurakuran rubutu. Yanzu akwai na'urorin da ke tsara musu magana tsaf, saboda haka kyan lafazi ba hujja ba ne. Kuma ko da dukkan alamomin nan sun yi daidai, mai yiwuwa ne an ƙwace akwatin abokinka ana aiki da shi, kamar yadda aka yi aiki da hatimin Halifa. Shi ya sa babbar hujja ita ce ta bakwai: ɗauki waya ka kira shi a lambar da ka sani tun da can, ka ce, "Malam wane, kai ka aiko mini da kati?" Matambayi ba ya ɓata.

BINCIKE BA ZARGI BA NE

Wataƙila wani ya ce, ashe ba a cikin wannan sura ta Hujurati ba ne, a aya ta 12, aka hana mu yawan zato? Yaya ɗan'uwana zai gaishe ni in tsaya tuhumarsa?

Amsa ita ce, wanda kake bincike a kansa shi ne ɗan aiken, ɗan'uwanka kuwa yana nan da mutuncinsa. Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa Abu Musal Ash'ari ya nemi izinin shiga wurin Sayyidina Umaru sau uku, da bai ji amsa ba ya juya. Da Umaru ya tambaye shi dalili, sai ya kafa hujja da hadisi. Umaru ya ce ya kawo wanda zai shaida masa, Abu Sa'idul Khudri ya zo ya shaida. Sa'an nan Umaru ya bayyana masa cewa ba tuhumarsa yake yi ba, tsoro yake kada mutane su riƙa ƙaga wa Annabi magana. Idan an nemi shaida a wurin sahabi irin Abu Musa bai zama cin mutunci ba, ina ga saƙon da ya ratso ƙasashe ya faɗo cikin wayarka?

Kuma wannan kira da ka yi, ai shi kansa amsa gaisuwa ne da wadda ta fi. Idan shi ya aiko, kun ji muryar juna, kun yi barka da Salla baki da baki. Idan ba shi ba ne, ka farkar da shi cewa ɓarawo yana yawo da sunansa. Ko ta ina ka ci riba.

HAƘƘIN WASU A KANKA

Ya kai ɗan'uwa, kada ka ce wayata ce, in na yi hasara ni ta shafa. A cikin wayarka akwai lambobin mutane, da hotunan iyali, da maganganun da aka ba ka amana, wani ma da takardun ofis ko kuɗin ƙungiya. Sakacinka yana iya zama sanadin da za a damfari mahaifiyarka da sunanka. Tsare dukiya da tsare mutunci suna cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo domin kiyaye su.

Haka nan mai tura duk abin da ya shigo masa. A cikin gabatarwar Sahihu Muslim an ruwaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. A can ne kuma aka kawo daga Ibnu Sirina cewa mutanen farko ba su tambayar isnadi, sai da fitina ta auku suka fara cewa a ambata musu masu ruwaya. Mu ma zamaninmu zamanin tambayar isnadi ne. Wanda ya tura wa zauren 'yan'uwa ko na masallaci linkin da bai bincika ba, ya ara wa ɓarawo mutuncinsa, domin saboda shi ne za a yarda a latsa.

Idan kai ne mai aikawa, yi koyi da sunnar hatimi. Rubuta sunanka da sunan wanda ka nufa, ka sa wata kalma da shi zai gane daga gare ka take, ko ka sanar da shi tukuna. Mafi sauƙi ma, rubuta gaisuwarka a fili ko ka aika hoto, ba sai ka sa shi latsa komai ba.

WANDA YA RIGA YA FAƊA

Wanda tsautsayi ya riga ya faɗa wa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya katse intanet daga na'urar nan take. Ya sake kalmomin sirrinsa ta wata na'ura dabam, ya kunna tsarin tabbatarwa mai mataki biyu. Idan ya ba da bayanin banki, ya sanar da bankinsa a lokacin domin a toshe katin. Ya gaya wa mutanensa kada su amsa saƙon da ya zo da sunansa, ya kai na'urar wurin amintaccen masani a wanke ta, ya kuma kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar EFCC. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya. Tirmizi kuma ya kawo labarin mutumin da Annabi ya umarta ya ɗaure raƙumarsa tukuna sa'an nan ya yi tawakkali.

Ku kuwa samarin da kuka mai da wannan aiki sana'a, kuna kiransa wayo, ku ji tsoron Allah. Dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta shekarar 2015 ta tanadi ɗauri da tara a kan irin wannan aiki, amma hisabin Lahira ya fi wannan tsanani. Manzon Allah ya barranta daga mai algus a kan tsibin hatsi da aka ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙasa, to yaya wanda ya ɓoye sata a ƙarƙashin sallama? Bayan cin dukiyar mutane da ɓarna, kun sa ɗan'uwa yana ɗar-ɗar da gaisuwar ɗan'uwansa. Ƙofar tuba a buɗe take, amma sharaɗinta a mayar wa masu haƙƙi haƙƙinsu.

Allah Ya tsare mu daga sharrin mayaudara, Ya ba mu basirar gane gaskiya da ikon binta, Ya kiyaye mana imaninmu da mutuncinmu da dukiyoyinmu, Ya ƙara danƙon zumunci a tsakaninmu, amin.